Katin Kwana Bakwai

Akwai wani manomi wanda duk garinsu an san shi da iya ajiya. Sa'ad da maƙwabta suke share rumbunansu tun kafin ruwa ya sauka, shi nasa akwai dawar shekara uku a ciki. Sabon takalmi ma sai ya shekara a akwati kafin ya taka ƙasa. Wannan hali ya fisshe shi a shekarun yunwa, saboda haka ba wanda ya isa ya gaya masa ajiya tana da aibi.

Yana da 'ya mai suna Liyatu, tana aikin jinya a wata ƙasa ta ƙetare. Da ta haihu, sai ta aika masa ya zo ya yi kwana takwas ya ga jikansa. A can ƙasar kuma akwai ƙanensa Yunana, wanda suka yi shekara ashirin ba sa magana saboda fadamar da ubansu ya bari. Yunana yana wani gari, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya fita.

Ranar da manomin ya sauka, Liyatu ta ba shi wani ɗan kati, ta ce, "Baba, wannan na kwana bakwai ne. Na riga na biya, ya fi sauƙi a kan sayen tikiti kullum. Bas ko jirgin ƙasa, ko sau ɗari ka shiga ba a ƙara maka ko sisi. Amma daga yau ya fara ƙirga kwanakinsa."

Ya ɗora katin a kan ƙofar tasha, koriyar wuta ta kama, ƙofa ta buɗe. Abin ya burge shi ƙwarai. Da suka isa gida, sai ya naɗe katin a leda ya sa a tsakiyar littafin waƙoƙinsa.

Washegari Liyatu ta ce, "Baba Yunana ya bugo waya. Ya ce a gaya wa Yaya yana gida, ƙofa a buɗe take."

Ya ce, "Na ji. Bari in huta tukuna."

Ya huta ranar. Ya huta kashegari. Ran Lahadi ya taka da ƙafa zuwa coci, tafiya mai nisa cikin sanyi, wai kada katin ya ragu. Liyatu ta ce, "Haba Baba, ba irin katin waya ba ne. Ko ka shiga ko ba ka shiga ba, kwanakinsa tafiya suke yi." Ya gyaɗa kai kawai. A ransa kuwa cewa yake yi, yaran zamani ba su san tattali ba, yaya abin da ba a taɓa ba zai ƙare?

Gaskiyar magana, ba katin kaɗai yake ajiyewa ba. Akwai kalma guda da ya kamata ya faɗa wa ƙanensa, "ka yafe mini," ita ma ya naɗe ta ya ajiye, domin ta yi masa nauyi a baki.

A rana ta takwas, ranar da jirginsa zai tashi da yamma, Liyatu ta leƙa wurin aiki da sassafe. Sai ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki ƙullin daddawar da ya zo wa Yunana da ita tun daga gida, ya nufi tasha. Ya warware leda, ya ɗora katin. Jar wuta ta kama. Ya goge shi da hannun riga ya sake ɗorawa, ƙofa ba ta motsa ba.

Da ɗan Turancin da ya iya ya ce wa ma'aikacin tashar, "Sabo ne. Sau ɗaya na yi amfani da shi."

Ma'aikacin ya duba, ya ce, "Jiya ya ƙare, ranka ya daɗe."

Kuɗin gida ne kaɗai a aljihunsa, ba a karɓarsu a can. Yana tsaye da daddawa a hannu jirgin ƙasan ya tashi. Kafin Liyatu ta dawo, lokacin da ya rage na zuwa filin jirgin sama ne kawai. Ya koma gida da baƙin ciki. Bayan girbi aka aiko cewa Yunana ya rasu. Katin yana nan a akwatinsa har yau, ko ƙwarzane babu.

Ga ma'anar wannan misali. Katin shi ne kwanakin da Ubangiji ya ba kowannenmu. Ba mu muka biya ba, alheri ne, kuma tun ranar da aka haife mu suka fara ƙirguwa. Dawa tana jira a rumbu, amma kwanaki ba sa jira. Wanda ya yi amfani da su da wanda ya naɗe su a leda, duka nasu ƙarewa suke yi.

Manomin nan ba mugu ba ne. Yana zuwa coci, ya yi niyyar zuwa wurin ƙanensa, har tsaraba ya riƙo. Abu ɗaya ya rasa: bai tafi ba sa'ad da ƙofa take buɗewa. 'Yan'uwa, a cikinmu akwai mai ajiye tuba sai ya tsufa, akwai mai ajiye neman gafara sai Kirsimeti. Ka san sunan wanda yake jiranka. Yau wutar koriya ce. Idan an tashi daga nan, kada ka wuce gida, ka bi ta ƙofarsa.