Ginshiƙin da Aka Tsaga Biyu

An ce wai a wani gari na bakin iyaka an yi wani alƙali mai suna Malam Ɗantsoho. A zamaninsa ruwa ya ci unguwa guda, sai sarki ya ba wani attajiri, Alhaji Tanimu, aikin kawo gidajen da ake ƙerawa a ƙasar waje. Ginshiƙai da ƙofofi da kwanon rufi duk a yanke suke zuwa, sai dai a harhaɗa. Kafinta Jatau ne ya harhaɗa babban ɗaki, aka zuba waɗanda suka rasa muhalli. Da iskar damina ta taso, rufin ya rufta a kansu. Mutane da yawa suka mutu, cikinsu har da mahaifiyar Jatau.

Tanimu ya ce wa sarki shi dai kawo kaya ya yi, kafinta ne ya ɓata aiki. Aka ɗaure Jatau, gari ya ce a kashe shi. Sarki ya miƙa maganar ga alƙali.

Malam Ɗantsoho ya je kangon shi kaɗai. Har lokacin akwai takalma da ƙwarya a ƙarƙashin katako. Ya duba ƙusoshi, ya ga kowace tana inda ya kamata. Sai ya shafa wani karyayyen ginshiƙi, ya ji fuska uku sumul da baƙin fenti, ta huɗu kuwa kaushi gare ta, da sawun zarto. Ya juya na biyu da na uku, duk haka suke.

A kan hanyar gida ya tuna dokar ƙofar garin. Kayan waje da ya shigo a ƙere, kuɗin fitonsa mai nauyi ne, wanda ya ɓoye shi kuma a ƙwace dukiyarsa. Amma abin da hannun ɗan ƙasa ya sauya wa siffa ya zama ɗan ƙasa, ba a karɓar komai a kansa.

Ranar shari'a aka kawo Jatau da igiya a hannu. Alƙali bai ko dube shi ba. Ya ce, "Maganar matattu ta jira. Akwai ƙarar da ta riga ta. Barmo, kai ne mai tsaron ƙofa. Da wane suna kayan nan suka wuce gabanka?"

Barmo ya ce, "Allah gafarta Malam, da sunan katakon gida."

Alƙali ya juya ga Tanimu. "Alhaji, ka faɗa wa sarki kayan waje ne, ba ka taɓa su ba. Ka faɗa wa Barmo na gida ne. Idan na waje ne, fasa-ƙwauri ka yi, kuma yau za a rufe rumbunanka."

Jama'a suka fara gunaguni, wai an bar jini ana maganar haraji. Tanimu kuwa ya yi murmushi, don a wannan fagen ya san kansa.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban taɓa karya doka ba. Ina da rumfa a bayan ƙofa, a cikin ƙasarmu. Can aka sauke kayan. Kowane ginshiƙi na sa an tsaga shi biyu, hatimin masu shi ma ya tafi da zarto. Siffarsa ta sauya a hannunmu. Barmo shaida ne, a tambayi masu zarto."

"Kowane ginshiƙi?"

"Ko ɗaya ban bari ba."

"Kafinta ya sani?"

"Ina ruwan kafinta? Nasa buga ƙusa ne a inda aka huda."

Sai a nan Tanimu ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Alƙali ya ce, "Na yarda da kai, Alhaji. Kayan na gida ne, ba a bin ka ko anini. Masu ƙira na can nesa sun aiko ginshiƙi mai ɗaukar rufi, kai ka mayar da shi rabi. Ba nasu ne ya karye ba, naka ne. Ka karɓi haihuwarsa a ƙofar gari don ka tsira da kuɗin fito, ba za ka yi musun sa a bakin kabari ba. A kwance Jatau, a ɗaura wa Alhaji igiyar."

Ya kuma aika a fitar da mutane daga sauran ɗakunan da aka yi da ɗaya rabin ginshiƙan, kafin hadari ya sake haɗuwa.

Babu wanda ya yi murna. Jatau ya tsaya yana murza wuyan hannunsa, sannan ya ce, "Malam, na ji ginshiƙin ba nauyi a kafaɗata ranar da na ɗaga. Na ce ko haka katakonsu yake." Jatau ya fita, bai nufi gida ba, ya bi hanyar maƙabarta.

Wanda ya ce abu nasa ne ranar riba, nasa ne kuma ranar da ya kashe mutum.