Gorar Irin Tabawa

Tun zamanin da giwaye ke shan ruwa a inda kasuwarmu take ci yanzu, akwai gidaje bakwai a kewayen wani dutse cikin dokar daji. Kowane gida nesa yake da ɗan'uwansa, har in zakaran wannan ya yi cara, na wancan ba ya ji. Ba sa gaba da juna, amma kowa tasa ta fisshe shi.

A gidan bakin fadama akwai maharbi Jatau da matarsa Tabawa. Jatau jarumi ne, kibiyarsa ba ta dawowa da kunya. Ita kuwa Tabawa, tun shamuwa ba ta iso ba take sanin ranar saukar ruwa. Ta ɗebi ƙasa ta shinshina ta faɗi rana, haka kuma za a yi. An ce zaki ya taɓa kwana a gindin rumbunta bai taɓa ko ɗan akuya ba. Ni dai ban gani ba, amma kakata ta rantse a kai, ita kuwa ba ta rantsuwar banza.

Sai ga shekarar fara. Da rana tsaka ta zo ta rufe sama, har kaji suka shige akurki. Kwana uku ta yi, ta tashi ta bar gonaki fayau. Yunwa ta shigo. Aka ci tafasa, aka ci rogon daji, da ido ya raina fata mutane suka daka irin shukarsu suka ci. Wanda ya ci iri kuwa ya cinye baɗi.

Tabawa kaɗai ba ta ci nata ba. Gora ɗaya ta irin gero ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da laka, ta rataye can cikin jinka. 'Ya'yanta na kukan yunwa, ita tana kau da kai tana hawaye. Ta sani in wannan gora ta salwanta, gero ya ƙare a ƙasar nan ke nan.

Da damina ta kawo kai, ta sauko da gorar, ta jera faifai bakwai ta shiga rabo. Jatau ya shigo ya tarar da ita.

Ya ce, “Ke Tabawa! Irin da muka hana 'ya'yanmu? Fadamarmu ta fi gonar kowa. Mu shuka duka, in mun girbe sai mu sam musu.”

Ta ce, “Maigida, kai da kake maharbi, ka taɓa shiga daji da kibiya ɗaya?”

Jatau ya zauna yana kallon rabon. Amma da ya ji faifai na bakwai na Korau ne, sai ya miƙe tsaye. Korau maƙeri ne, gonarsa tsakuwa zalla a kan tudu, ga shi marowaci na ƙarshe, ko ruwan wanke hannunsa ba ya zubarwa inda kaza za ta sha. Bara ma ya ƙi gyara wa Tabawa fartanya.

Jatau ya ce, “Haba! Wannan ai zuba ruwa a kwando ne.”

Ta ce, “Shi ma ciki gare shi.”

Da ƙafarta ta bi gida gida ta kai. Korau ya karɓi nasa, ko an gode bai ce ba.

Shuka ta yi kyau, ta fadama ta fi ta kowa, Jatau kullum sai ya yi mita. Gero na fara fitar da kai, sama ta ɓalle da ruwa kwana tara. Kogi ya cika ya batse. Gonar Tabawa ce ta fara tafiya, uku suka bi ta, biyu kuma tsuntsaye suka gama da su. Saura gona ɗaya tak a tsaye, tsakuwar Korau. Tirƙashi! Geron ƙasa duka a hannun marowaci.

Jatau ya saɓi baka. Tabawa ta riƙe kwarinsa ta ce, “Abin da na bayar da hannu, ba za a karɓo shi da kibiya ba.” Ya zauna yana huci.

Ranar girbi da hantsi aka hango mutane suna gangarowa daga tudu. Korau ne a gaba da dami a ka, iyalinsa a baya, kowa da nasa. Masu ba da labari sun ce kowace zangarniya ta kai tsawon mashi. Ya sauke a ƙofar Tabawa, ya durƙusa, ƙaton mutum yana kuka.

Ya ce, “Uwargida, ni tun da nake ban taɓa ba kowa komai ba, ban san yadda ake yi ba. Ga shi duka, ki raba.”

Mata suka rangaɗa guɗa. Jatau da kansa ya jefar da baka ya ɗaga murya: “Tabawa, rumbun marasa rumbu! Uwar iri, gagarar fara, gagarar ambaliya! Mai raba ɗaya ya ciyar da bakwai!”

Kafin wata damina, gidajen nan bakwai sun taso sun haɗu a gindin tudun Korau. Suka riƙa noma da gayya, Korau na ƙera musu fartanya, baƙi suka yi ta zuwa. Haka aka kafa garinmu, Rumbun Tabawa.

Har gobe a garin nan, ran shukar fari ba wanda ke fara zuba irin gidansa. Ramin farko na irin maƙwabci ne, kuma da ƙafarka za ka je ƙofarsa da faifai ka yi sallama. Na ga wa da ƙane da suka shekara ba sa ga maciji. Ruwan fari ya sauka, kowa ya ɗauki faifansa yana cije baki, suka yi kiciɓis a tsakiyar hanya. Dariya ce ta fara kuɓuce musu, kuma a ranar tare suka yi shuka.