Gyaran Dila

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu ji ta.

An yi wani Dila mai sayar da gero a kasuwar namun dawa. Shi kaɗai ke da rumbu, kowa wurinsa yake awo. Ashe ɗan banzan ya sa guduma ya daki gindin mudunsa ya lotsa ciki. A ido mudu ne, a tukunya rabi da kaɗan.

Bushiya ce ta gano. 'Ya'yanta biyar, kullum tuwo ba ya kaiwa, autan ba ya rabo da kuka. Ran kasuwa ta fizge mudun ta kife shi a gaban jama'a.

"Ku duba abin da mugun nan yake mana! Kada wanda ya sake awo a nan sai ya gyara!"

Kasuwa ta ɗauka: "Sai ya gyara! Sai ya gyara!" Zomo ya rantse, Kurege ya rantse, Gafiya har da hawayenta.

Kasuwa ta farko Dila ya wuni yana korar ƙuda. Ta biyu ma haka. Bushiya tana dafa wa 'ya'yanta tafasa ba gari, tana cewa, "Ku daure, ya kusa karaya."

Ta uku sai ga Dila da maroƙi. Dila ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, na ji kukanku. Kun ce in gyara, yau zan gyara!"

Gafiya ta matso. Ya auna mata da mudun nan dai, sannan ya dumbuzo gero da hannu ya watsa a kai, irin ƙarin nan na bayan awo.

"Ga gyara, Inna."

Gafiya ta rangaɗa guɗa. "Ya gyara! Wallahi ya gyara!" Nan da nan rumfa ta cika.

Bushiya ta yi tsalle ta dire. "Ke Gafiya, kanki ɗaya? Mudun muka ce ya gyara! Abin da ya sata ne yake yayyafa muku!"

Zomo ya ce, "Haba Yaya, kin ce ya gyara, ya gyara. Yunwa fa muke ji."

Kurege ya ce, "Ke dama faɗan kike so."

Bushiya ita kaɗai ta ƙara kasuwa uku ba ta je ba. Sai autan ya daina kuka, ya kwanta shiru yana kallonta. Wannan shirun ne ya karya ta. Ta ɗauki ƙwarya ta tafi, kai a sunkuye.

Dila ya washe baki. "A'a, uwar masu zuciya! Mudu nawa?"

"Ɗaya."

Ya auna, ya juye mata. Ta tsaya. Da ƙyar ta ce, "Gyara fa?"

"Ai gyara na lokacin fushi ne, uwar gida. Yanzu wa ke fushi?"

Ta waiga. Zomo ya kau da kai, Gafiya tana ta tsintar tsakuwa a geronta.

To yara, in za ku yi fushi da mai cutar ku, ku kira abin da kuke so da sunansa, kada kuma ku yi guɗa sai kun gan shi da idonku.

Ƙurunƙus kan Gafiya mai saurin guɗa!