Yankan Ƙarshe

Akwai wani mai shagon fere ƙarfe da ake wa laƙabi da Ba-Kuskure. Sunan ya dace da shi, kuma wallahi sunan ne ya ci shi.

Mahaifinsa ne ya fara sana'ar a wata rumfa mai yoyo, da tsohon inji guda ɗaya mai jujjuya ƙarfe ana fere shi. In sandar injin niƙa ta cinye, ko ta famfo ta karye, wajensa ake zuwa ya fere sabuwa.

A aikin nan kowa na iya rage ƙarfe. Gwanintar tana yankan ƙarshe, ɗan abin da ake cirewa wanda bai kai kaurin gashi ba. In ka rage saura, sanda ta ƙi shiga. In ka zarce, ta yi ta lilo a ciki, ƙarfe ya tashi a banza.

Tsohon yana da wani durom a bayan ƙofa. Tun Ba-Kuskure yana saurayi yakan bar masa yankan ƙarshe ya koma gefe. In ya ɓata, sai ya ce, "Jefa a durom, ɗauko wani." Sai da ya kusa cika durom ɗin nan kafin hannunsa ya faɗa.

Da tsoho ya rasu shago ya dawo hannunsa, abin da ya fara yi shi ne kiran 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, su kwashe durom. Wai kar masu kawo aiki su ga abin kunya.

Allah kuwa ya buɗa masa. Rumfa ta zama gini, inji ɗaya ya zama biyar. 'Ya'yansa biyu, Dogo da Auta, suka taso a cikin maiƙo da ɓarɓashin ƙarfe. Su yanka, su ɗaure, su fere har kusa da gamawa. Da an zo yankan ƙarshe sai ka ji muryarsa:

"Matsa! Ba a wasa da sunana."

Wata rana yayarsa, wadda yaran ke kira Goggo, ta leƙo ta tarar ya ture Dogo daga kan inji. Ta riƙe haɓa.

"Kai kuma da iyawarka aka haife ka? Ni fa na san cikin durom ɗin nan."

Ya ce, "Yaya, wancan zamani daban. Zan ba su in lokaci ya yi."

"Lokacin yana tafe a ƙafa ke nan," in ji ta.

Auta dai ya gaji, ya ajiye rigar aiki ya koma tuƙin babbar mota. Dogo mai haƙuri ya zauna. Ya yi aure, ya aurar da 'ya, furfura ta fito masa, bai taɓa gama sanda ɗaya da hannunsa ba.

Sai hannun Ba-Kuskure ya fara rawa. Da farko shayi ne ke zuba. Ya ɓoye, yana cusa hannun a aljihu in baƙi sun shigo. Tsoro ya cika shi, amma girman kai ya hana shi buɗe baki.

Ranar da asiri ya tonu, mai kamfanin man gyaɗan da ya fi kowa ba su aiki ne ya kawo babbar sanda, yana tsaye yana jira domin injinsa a kashe yake. Dogo ya fere, ya matsa kamar kullum. Uban ya kama. Hannu ya fizga, wuƙar inji ta nutse. Sanda ta lalace.

Aka ɗaura wani ƙarfen. Da aka zo ƙarshe, Ba-Kuskure ya dubi ƙasa, murya can ciki ya ce, "Dogo, gama."

Dogo ya tsaya gumi na tsatstsafo masa.

"Baba, ban taɓa ba."

"Shekara nawa kana kallona?"

"Kallo ne, Baba."

Ya gwada. Ya zarce. Mai kamfani bai yi faɗa ba, ya dai ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗauki tsohuwar sandarsa ya tafi wani shagon. Labari ya bazu, aiki ya ɗauke. Injinan nan biyar suka yi shiru, ƙura ta hau su.

Wata safiya Ba-Kuskure ya mirgino wani durom da kansa, yana haki, ya ajiye a bayan ƙofa. Ya ce, "Zo mu fara. Ɓata, ka jefa a nan."

Dogo ya daɗe yana kallon durom ɗin, idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, ni ma yanzu ba na ganin layin awo sosai. Kuma wa zai kawo mana ƙarfen da zan ɓata?"

Tsohon ya zauna a bakin ƙofa ya yi kuka kamar yaro. Ban ga laifin kukan ba, sai dai ya zo a makare.

Bayan 'yan watanni 'yan gwangwan suka dawo da babbar mota. Wannan karon injinan suka ɗauka. Durom ɗin ma sun haɗa da shi, babu komai a ciki.

Darasi: Duk wanda ka hana shi yin kuskure a gabanka, ka hana shi iyawa a bayanka. Ku bar na ƙasa da ku su gwada, su ɓata, tun kuna da ƙarfin gyara musu. Ku tura wa iyaye da masu sana'a wannan, wataƙila wani ya saki hannu tun yau.