Tautau a Leɓen Dagaci

Ranar Talata, bakwai ga watan Safar, Dagaci ya tashi da leɓe a kumbure, ya ce tautau daga rumbuna ne ya yi masa fitsari.

"Malam Tanimu, ka kawo mai laifin, ko a ƙone rumbun!"

Na kai masa gizo-gizo biyu a ƙoƙo.

"Ranka ya daɗe, 'yan uwa ne, ƙafa takwas-takwas. Zanen ƙarƙashin ciki ne ya raba su. Kai da aka hau fuskarka, wane zane ka gani?"

"Ina barci zan ga zane?"

"To, cikin barcin ka ga rumbuna?"

Rumbu ya tsira, amma yara na kirana Sarkin Tautau, ni da na tsufa ina riƙe alli! Dole sai Dagaci ya ba ni haƙuri ranar kasuwa, da bakinsa, ko da kumburin leɓen bai sace ba.