Takwarar Jaririyar Hurera

Ku gyara zama, yau abin musu na kawo muku.

Hurera 'yar Malumfashi ce, ta bi mijinta Mamuda wata ƙasar Turai inda ya samu aikin injiniya. Gari tsaf-tsaf, amma shiru kamar an yi rasuwa. In ta gaida maƙwabta, sai su ɗan murmusa su ja ƙofa. Ga tsohon ciki, ga kewar gida, ga yaren da ba ta ji.

Wata rana Mamuda ya yi tafiya, ta hango 'yar maƙwabta a bakin titi tana kuka cikin sanyi, gidansu a kulle. Me 'yar Malumfashi za ta yi? Ta ja ta ɗaki, ta dama mata kunu, ta rarrashe ta har ta yi barci. Uwar ta dawo ba ta ga 'yarta ba, ta kira 'yan sanda. Ashe a can wannan satar yara ce! Aka tasa ƙeyar Hurera tana salati, ana batun a gidan yari za ta haihu.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Marta, wadda Hurera ta fi jin haushi, don kullum tana leƙe ta taga, ba gaisuwa. Ita ce ta dogara sanda har ofishin 'yan sanda, ta ba da shaidar cewa a idonta aka yi komai, yarinyar daskarewa ta kusa yi. Ba don ita ba, da babu mai gaskata Hurera.

Akwai Sakina, Bahaushiyar Sudan, ma'aikaciyar jinya. Ba ta taɓa ganin Hurera ba, labari kawai ta ji, ta bar aikinta ta zo ta yi tafinta. Ta fahimtar da 'yan sanda cewa a garin su Hurera wanda ya wuce yaro yana kuka shi ne mai laifi. Ba don ita ba, da maganar Hurera ba ta wuce kuka ba.

Sai Lina, uwar yarinyar, wadda ta kai ƙarar. An gargaɗe ta cewa in ta janye, hukuma kanta za ta juyo, a tuhume ta da barin yarinya a waje. Ta ce ta ji ta gani, ta janye. Har yau jami'ai na sintiri a gidanta.

Aka sallami Hurera, Mamuda ya dawo, ta sauka lafiya a gaban mijinta, aka samu mace. Mamuda ya ce, "Sunan ɗayansu za ta ci, ke za ki zaɓa." Ga suna ya matso, baiwar Allah ta rasa tudun dafawa.

To, jama'a, jaririya ɗaya ce, suna ɗaya. Tsakanin Marta da Sakina da Lina, wa za a yi wa takwara?