Jarkar da aka yanke a kan kututture

Ya 'yan uwana mata, ku saurara. An yi wani masunci a wani ƙauyen bakin ruwa, tsakanin Ngaski da Yauri. Ba zan faɗi sunansa ba, don ni ba magulmaciya ba ce. Wadda ta san mai koren jirgin nan da tabo a goshi, ta yi shiru abinta.

Kun san ruwan nan cike yake da kututturan itatuwan da dam ya shanye tun zamanin iyayenmu. Al'adar masunta ita ce, duk wanda ya gano kututture a ƙarƙashin ruwa sai ya ɗaura masa tsohuwar jarka, ta riƙa lilo a sama, mai jirgi ya hango ya kauce. Ba sarkin ruwa ne ya kafa doka ba. Ka ɗaura don wani, wani ya ɗaura dominka.

To, kifi yana son gindin kututture. Mutumin nan ya samu wani inda giwan ruwa ke taruwa, sai ya ga jarkar da ya ɗaura tana kira masa jama'a. Rannan da hantsi ya sa wuƙa ya yanke igiyar. A ransa ya ce ai shi ya san wurin: in ya hango jarkar maƙwabcinsa Sa'idu mai ruwan ɗorawa, ya ratse hagu, ya tsira.

Matarsa Murjanatu ta faɗa wa wata a wurin bandar kifi, ita kuma ta faɗa mini. Ni mutum biyu kacal na faɗa wa. Kafin Juma'a Sa'idu ya ji.

Sa'idu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ashe haka ake yi yanzu?" Ya je ya kwance tasa, ya ɗaura mata dutse, ya jefa ta can gefe inda ba kututture ba kifi. Wani ya ga Sa'idu ya yi, shi ma ya yi. Cikin wata biyu ba wanda ya san jarkar gaskiya da ta ƙarya.

Kun san wa ya fi kowa ƙorafi? Shi mai wuƙar. Yana zaune a bakin ruwa yana cewa mutanen garin sun lalace, ba tsoron Allah. Ya daina ba kowa kifin miya. Su ma suka daina ba gidansa. Ya ɗaure musu fuska, suka ɗaure masa, ya koma gida yana tambayar Murjanatu me ya yi wa mutane.

Ranar kasuwar Yauri ya loda kwandunan banda har baki, ya tada inji. Da rana tsaka ya hango jarka mai ruwan ɗorawa, ya ratse hagu yadda ya saba, ya hau kan kututturensa. Jirgi ya dare, inji ya nutse, bandar wata guda ta koma inda ta fito. Sa'idu ne ya tsamo shi.

Yana tari yana aman ruwa ya ce, "Sa'idu, wa ya matsar da jarkarka?"

"Ni. Wa ya yanke taka?"

"Ai ni guda ɗaya na yanke."

Sa'idu ya ce, "Kowa ma guda ɗaya ya taɓa."

Yau masuncin nan yana ɗinkin tarun wasu a gindin mangwaro. In kin gaishe shi, sai ya riƙe ki da tambaya: shi ya cuci gari, ko gari ya cuce shi? Ni kaina na juya abin na rasa bakinsa. Mai wuƙa ne? Masu kwaikwayo ne? Ko mu da muka yi dakon maganar?

Abin da na sani, ya 'yan uwa, mutane kallon hannunka suke yi, ba bakinka ba. Abin da ka fara a ɓoye, maƙwabci zai koya, kuma a kan alamarsa kake tuƙa jirginka.

Allah ya kiyaye mu da zama mafarin ɓarna, ya kiyaye hannuwanmu, ya kama mana harsunanmu, nawa a kan gaba. Amin.